Daidaita Matsi a Ƙarƙashin Rijiyar Mai

Rijiyar mai ba ta zama fanko sa'ad da a ke haƙarta. A kan cika ta da wani taɓo mai kauri da a ke damawa musamman, domin ya sanyaya bakin haƙa, ya kwaso tsakuwar da aka nika, ya kuma danne mai da iskar gas kada su yi tsiri. Saboda haka duk na'urar da aka zura ƙasa, cikin wannan taɓo za ta yi aikinta, da nauyinsa duka a bisanta.

Kalmar matsi ita ce ta fi dacewa da abin da za a bayyana, gama nauyi ƙasa kaɗai ya ke ja, amma ruwa mai zurfi ya kan matsa abin da ke cikinsa ta kowace fuska, sama da ƙasa da gefe. Kowace ƙafa 34 ta ruwan daɗi tana ƙara matsin kusan laba 15 a kan inci ɗaya murabba'i. Rijiyar farko ta Oloibiri, inda aka sami mai a Nijeriya cikin 1956, zurfinta ƙafa 12,008 ne. Da ruwa zalla aka cika ta, da matsin gindinta ya kai laba 5,200, watau fiye da tan biyu a kan wurin da bai wuce faɗin kan sarki na wasiƙa ba. Taɓon haƙa kuwa ya fi ruwa nauyi, wani lokaci har ninki biyu.

Hanya biyu ce injiniyoyi su ke bi. Ta fari ita ce a yi wa matsin taurin kai: a sa kayan cikin bututun ƙarfe mai kaurin gaske, a toshe shi ta ko'ina. Haka a ke yi wa ƙananan kayan lantarki masu auna dutse, tun da ya ke ba su motsi. Amma ina dabara ga abin da tilas ya juya? Inda sandar ƙarfe ta ratsa bango tana juyawa, lalle akwai 'yar kafa, ba kuwa abin da ke tsare ta sai zoben roba. In waje akwai laba dubu biyar, ciki kuwa laba goma sha biyar, zoben nan ba zai daɗe ba: matsin zai cusa shi cikin kafar ya yage, taɓo ya shiga da yashinsa ya cinye boris.

Hanya ta biyu ta fi hikima. Mai karatu ya ɗauka an toshe bakin gwangwani wanda ba kome cikinsa, an kuma ɗaure bakin salka cike da ruwa, aka nutsar da su tare cikin ruwa mai zurfi ƙwarai. Gwangwanin zai lotse ko da ya ke na ƙarfe ne, salkar kuwa ba abin da zai same ta ko da ya ke fata ce. Dalili, fatar ba ta tare matsin ba, miƙa shi ta yi ga ruwan da ke ciki. Ruwa kuwa da ƙyar ya ke takurewa, sai ya tura waje daidai gwargwadon yadda aka turo shi. Wannan ita ce ƙa'idar Blaise Pascal, Bafaranshe, wadda aka buga cikin 1663, shekara guda bayan rasuwarsa: matsin da aka ɗora wa ruwan da ke rufe ya kan bazu cikinsa duka ba ragi.

To, sai a cika na'urar da mai tsabtatacce, a sa wani shamaki mai motsi tsakanin man da taɓon, ko fistin mai zamewa cikin bututu, ko jakar roba, ko bututun ƙarfe mai naɗe-naɗe wanda ke miƙewa yana takurewa kamar zugazugi. Matsi ya wuce, taɓo bai wuce ba. Zoben roban nan da dā ya ke fama da dubbai, yanzu 'yan labobi kaɗan ke tsakanin gefensa biyu. Sau da yawa a kan sa sifirin bayan fistin ɗin don man ciki ya ɗara taɓon waje matsi kaɗan. In an sami yoyo, mai ne zai fita, ba laka ce za ta shigo ba.

Bakin haƙa mai juyawa misali ne. Howard Hughes babba ya sami rajistar irin mai kai biyu a Amurka cikin 1909, kamfaninsa kuma ya fito da mai kai uku cikin 1933. Shekaru da dama taɓon kansa ne ke ratsa boris ɗinsu, shi ya sa su ke saurin lalacewa. Sai wajen 1960 aka soma rufe su, aka yi wa kowace ƙafa ta bakin haƙan ɗan rumbun giris mai marfin roba.

Famfon lantarki da a ke nutsarwa don ɗebo mai ya fi wannan wuya, domin ruwan gishiri kaɗan in ya taɓa wayoyin injinsa ya isa ya ƙone shi. Armais Arutunoff, haifaffen Tiflis, wanda ya ƙaura Amurka cikin 1923, shi ne ya ƙago shi. Tsakanin injin da famfon akwai wani sashe da aikinsa tsaro ne. Wani irinsa jakar roba gare shi. Wani kuwa ba shamaki ko kaɗan, sai ɗakuna da bututu masu kewaye, an dogara ga cewa mai ba ya gauraya da ruwa, bisansa ya ke tsayawa. Irin wannan ba ya amfani sosai in rijiyar ta karkace ta kwanta, gama sama da ƙasa sun rikice.

Akwai kuma zafi, wanda a kan manta da shi. Ƙasa tana ƙara zafi kimanin digiri ɗaya na Salsiyas a kowace ƙafa 120, watau wajen digiri 100 a zurfin ƙafa 12,000. Mai ya kan kumbura kusan kashi 7 cikin 100 da irin wannan zafi, in kuwa an kulle shi cikin ƙarfe ba wurin tafiya, shi da kansa zai fasa zoben daga ciki. Don haka tilas a bar wa fistin filin ja da baya, a kuma ƙara 'yar ƙofa mai buɗewa da kanta in matsin ciki ya yi yawa. Famfon lantarki ya fi shan wannan wahala: duk sa'ad da aka kashe shi man ya huce ya takure, sashen tsaron ya zuƙo ruwan rijiya kaɗan, shi ya sa yawan kunnawa da kashewa ke rage masa kwana.

Babban abokin gāban wannan tsari shi ne iska. Ba kamar mai ba, iska tana takurewa ƙwarai, bisa ga abin da Robert Boyle ya nuna a Ingila cikin 1662. Kumfar da ta maƙale sa'ad da a ke cika na'ura, in ta isa gindin rijiya irin ta Oloibiri, za ta koma ƙasa da kashi ɗaya cikin 250 na girmanta, ko da an lissafa zafin. Fistin zai bi ta ya cike gurbin, in kuwa kumfar babba ce ya kai ƙarshen bututunsa ya tsaya cik, daga nan kuma matsin waje ya koma kan zoben roba shi kaɗai. Wannan ne ya sa ma'aikata su kan fara zuƙe iskar da ke cikin na'urar sarai, kāna su ɗura man daga ƙasa sannu a hankali har ya tumbatsa ta sama ba kumfa.