Lagireto Mai Yoyo: A Gyara Ko A Sauya?

'Yan'uwa manoma, da kaka ne motar ƙungiya take aikin da ya fi kowane nauyi. Ita ce ke kwaso masara da dawa daga gona, ita ce kuma ke kai buhuna kasuwa. Idan ta tsaya mako biyu a wannan lokaci, hatsi zai kwana a fili, kuɗin haya kuma ya cinye ribar shekara. Sau da yawa abin da ke tsayar da ita ɗan yoyo ne a lagireto, wanda kowa ya gani amma ba wanda ya kula.

Aikin lagireto

Sa'ad da inji yake aiki, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da ya ƙona ruwa ne yake ɗauke shi. Famfo yana tura ruwan ya zagaya cikin inji, sa'an nan ya bi ta ƙananan bututu na lagireto, inda iska da fanka suke sanyaya shi. Inji mai lafiya yakan yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 100. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100, a kan tudu kamar Jos ma tun wajen digiri 96. Murfin lagireto ne yake matse ruwan har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Saboda haka ko ƙaramin rami yana ɓarna biyu: ruwa yana raguwa, matsin kuma yana tsere, sai sauran ruwan ya tafasa da wuri.

A nemo wurin yoyo tukuna

Ba kowane yoyo ne laifin lagireto ba. Mu ajiye mota a busasshen wuri ta kwana, da safe mu duba inda ƙasa ta jiƙe. Mu matsa tiyo na sama da na ƙasa: wanda ya kumbura, ko ya tsattsage, ko ya yi laushi ainun, a sauya shi. Mu duba robar murfi da gindin famfon ruwa. Fari-fari ko kore-kore da ya bushe a jikin lagireto yana nuna inda ruwa yake fita.

Akwai wata alama mai tsanani. Idan ruwa yana ƙarewa ba a ga yoyo ba, farin hayaƙi yana fita ta salansa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to gasket na kan inji ya ƙone. Sabon lagireto ba zai warkar da wannan ba. A kashe inji a kira makanike.

Lokacin da gyara ya isa

Lagireto iri biyu ne. Na tsofaffin motoci da taraktoci, irin su Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antar ta soma aiki a 1975, na jan ƙarfe ne da tagulla. Irin wannan yana karɓar liƙi da dalma. Mai gyara na ƙwarai zai cire shi, ya toshe bakunansa, ya hura masa iska kaɗan a cikin ruwa kamar yadda mai faci yake gwada tayar keke. Inda kumfa ya fito, nan ramin yake. Idan bututu ɗaya ko biyu ne suka huje, ana iya toshe su, sauran su ci gaba da aiki.

Na yawancin motocin yanzu kuwa alminiyon ne, da tankin roba a gefe ko a sama. Dalmar da aka saba da ita ba ta kama alminiyon, robar da ta tsage kuma gam ba ya riƙe ta da daɗewa, gama zafi da matsi sukan sake buɗe wurin.

Lokacin da sauyi ya fi

Mu sayi wani idan tankin roba ya tsage, ko yoyo ya fito a wurare da yawa, ko siraran fikafikan da ke tsakanin bututu suna marmashewa da an taɓa su. Wanda aka liƙe sau uku a shekara ɗaya ya riga ya gama aikinsa. Araha ba ta ado: ma'aji ya auna kuɗin lagireto da kuɗin gyaran inji da ya ƙone, zai ga wanda ya fi sauƙi. A tafi kasuwa da tsohon domin a gwada girma da bakin tiyo. Idan na hannu ne za a saya, a gwada shi cikin ruwa kafin a biya. Bayan an ɗaura, a cika shi a hankali, a bar inji ya yi zafi har iskar da ta maƙale ta fita, sa'an nan a ƙara ruwa bayan ya huce.

Abubuwan da za mu bari

Mun san dabarar zuba ɗanyen ƙwai, ko barkono, ko garin kuka a lagireto. Takan tsayar da yoyo na ɗan lokaci, amma abin da ya toshe rami shi ne zai toshe bututu. Kada kuma mu yarda a cire tamostat wai don ƙasarmu tana da zafi. Aikinsa shi ne ya sa inji ya kai zafin da ya dace da sauri, in babu shi mota takan ƙara shan mai, inji kuma ya riƙa cinyewa.

Kada direba ya buɗe murfi inji yana da zafi, gama tururi yana ƙona fuska da hannu. Ya jira aƙalla rabin sa'a, ya sa tsumma mai kauri, ya juya a hankali. Kada ya kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan inji yana iya tsagewa. Ya kuma nisanta hannu da fankar lantarki, wadda takan tashi ko an kashe mota.

Rigakafi ya fi magani

Ruwan rijiya da na rafi suna barin laka da gishiri a cikin bututu. Mu yi amfani da ruwan sanyaya inji na kanti, wanda yake hana tsatsa. In ba a samu ba, tataccen ruwan sama ya fi. Amma mu lura, wannan ruwa na kanti yana da zaƙi, guba ne kuwa. Kada a zubar da shi inda yara, ko awaki, ko karnuka za su kai baki. Lokacin sussuka a riƙa share ƙaiƙayi daga fuskar lagireton tarakta kowace rana.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta sa littafi a cikin mota. Kowace safiya direba ya duba ruwa ya rubuta yawan abin da ya ƙara, mai kula da mota kuma ya karanta littafin a wurin taro. Idan ana ƙara ruwa kullum, a kai ta wurin gyara tun kaka ba ta zo ba.