Damina Da Masu Mota: Ƙaramar Kafar Da Ke Kashe Aksil

Duk ɗan Arewa da ya yi shekara guda a Kudu ya san daminar nan dabam take da ta gida. A Ikko ruwa yakan tsananta a watan Yuni da Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, sa'an nan ya komo a Satumba da Oktoba. Masu shiga ƙauyukan Ondo da Ogun da a-kori-kura don ɗauko goro da doya sun saba da tarar da rafi ya haye hanya. Haka kuma masu zuwa gida ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, sa'ad da ruwa ya datse hanyar Lokoja zuwa Abuja, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Direba yakan ƙetare ruwa, ya ji inji bai mutu ba, sai ya ɗauka ya tsira. Bayan 'yan makonni sai ya fara jin gunji daga ƙarƙashin mota, ashe tun ran nan ruwa ya shiga aksil.

Ga yadda abin ke faruwa. A tsakiyar aksil akwai wata tukunyar ƙarfe mai haƙoran giya da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayar dama da ta hagu, domin a kan kwana tayar waje ta fi ta ciki juyawa. Haƙoran suna wanka ne cikin man giya mai kauri, wanda aka fi sani da mai lamba 90. In mota ta yi tafiya sai man ya yi zafi, iskar da ke ciki ta kumbura. Saboda haka masu ƙera mota suka sa wata 'yar kafa mai hula a bisa aksil, watau hancin da yake numfashi da shi. Ba don ita ba, da iskar ta tura mai waje ta gefen robobin da ke tare shi, har ya kai ga birki.

To, a cikin ruwa wannan hancin shi ne ƙofar ɓarawo. Da zarar ƙarfe mai zafi ya nutse cikin ruwan sanyi, iskar ciki sai ta tsuke nan take, aksil ya shiga zuƙa. Idan kafar na ƙarƙashin ruwa, ruwa zai zuƙa. Idan kuwa hularta ta rufe gam, ko laka ta toshe ta, sai ya jawo ruwan ta gefen robobin. Ruwa da mai in sun gauraya sukan koma kamar shayi da madara, santsin man ya ragu, boris ya yi tsatsa, haƙora su fara cin juna.

Maganin kuwa ba shi da tsada: a ɗaga hancin zuwa inda ruwa ba ya kaiwa. Da farko a wanke wurin sarai don kada ƙasa ta faɗa ciki. Sa'an nan a kwance kafar da sifana, a ɗaura wani ɗan bakin ƙarfe mai zare iri ɗaya a gurbinta, gama zaren wata mota ba ya shiga na wata, in an tilasta shi sai a ɓata ramin. A cusa masa tiyo siriri irin wanda ke jure mai, mai faɗin kamar milimita 6, a matse da kilif.

Wajen jan tiyon ne ake gane gwanin makanike. Aksil yana hawa da sauka tare da sifirin, don haka dole a bar rara, in ba haka ba ramin farko zai tsinke shi. A bi da shi ta gefen bututun birki ana ɗaurewa, a nisanta shi da salansa da farfela, kada a bar shi ya lanƙwashe ko ya yi kwari inda mai zai taru ya toshe shi. A ƙarshe a fito da shi can sama cikin ɗakin inji, a sa masa ƙaramar filtar fetur, ko a tanƙwara bakinsa ƙasa kamar kan sandar tsoho. Filta ta fi, domin tana hana ƙura, tana kuma hana zanzaro yin gini a ciki. Mota mai jan ƙafa huɗu tana bukatar wannan aiki a aksil na gaba da na baya, da akwatin giya, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Waɗansu motocin da tiyon suke fitowa daga kamfani, sai dai a riƙa duba ko ya tsage.

Wanda kuwa ya riga ya shiga ruwa mai zurfi, to, ya bar motar ta kwana, da safe ya sassauta noti na ƙasan aksil. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara fitowa. In an gan shi, a juye man duka a zuba sabo. Kuɗin mai ba ya kai kuɗin haƙora.

Amma fa kada wannan dabara ta ruɗi kowa. Tiyo aksil yake karewa, ba inji ba. Inji in ya shaƙi ruwa ta wajen shan iska yakan tsaya cik, wani lokaci har ƙarfen fistin ya tanƙware. Kamfanin Land Rover ya ƙayyade wa tsohuwar Defender zurfin santimita 50, Toyota kuma ta ba Hilux ƙirar 2015 santimita 70. Ruwa mai gudu kuwa, ƙafa biyu ya isa ya tafi da a-kori-kura da kayanta da mutanen ciki. Inda direba bai ga ƙasan hanya ba, bai kuma ga wata mota irin tasa ta wuce ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Goro ya yi latti a kasuwa ya fi a aika gida da mugun labari.