Kifin da sikeli ya yarda da shi, doka ta ƙi shi

A kasuwanninmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, kifi abin tukunya ne: a yi ciniki, a auna, a kai gida. Amma a bakin tekun Atlantika, gabashin ƙasar Amurka, akwai garuruwan da masu hannu da shuni ke kamun kifi don nishaɗi da gasa. Mun san gasar su ta Argungu, inda ake faɗawa ruwa da koma da gora. Su kuwa a can, da jirage masu inji suke shiga tsakiyar teku, riƙe da sandar fatsa.

Kifin da suke nema shi ne malin, wani ƙato mai dogon baki kamar mashi. Mafi girman da aka rubuta a tekun Atlantika an kama shi a Brazil cikin 1992, nauyinsa kilo 636, wato ya fi buhu 6 na gero. Wanda ya rubuta shi kuwa ita ce ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939, kuma dokokinta ake bi a manyan gasanni.

Abin da zai ba ƴar kasuwa mamaki shi ne, wannan kifi ba na saidawa ba ne. Dokar Amurka ta hana cinikin malin na Atlantika, kuma guda 250 kawai aka yarda a fitar tudu a shekara a ƙasar baki ɗaya. Galibin waɗanda aka kama ana cire musu ƙugiya a sake su. To daga ina kuɗin ke fitowa? Kamar adashe ne: kowane jirgi ya zuba kuɗin shiga, wanda kifinsa ya fi nauyi ya kwashe kaso mafi tsoka. Mutanen gari kuma su ci kasuwa: masu otel, masu saida mai, masu abinci, masu gyaran jirgi.

A watan Yunin 2023 aka yi abin da har yau ake labarinsa. A garin Morehead City na jihar Karolaina ta Arewa, inda ake gasar Big Rock tun 1957, jirage 271 suka shiga. A ranar ƙarshe wani jirgi mai suna Sensation ya shafe fiye da awa 6 yana fama da wani malin kafin a jawo shi. Da dare aka rataya shi a sikeli gaban jama'a, ya auna kilo 281, ya fi na kowa. Ladarsa dala miliyan 3 da rabi, sama da miliyar 2 na kuɗin sefa.

Washegari alƙalan gasa suka ce atafau. An ga cizo a jikin kifin, alamar wata dabbar teku ta kai masa hari. Dokar IGFA ta ce kifin da aka raunata kafin a hau da shi jirgi ba ya shiga lissafi, don kifi mai rauni ba ya faɗa da cikakken ƙarfinsa. Nan take nasara ta koma ga jirgin Sushi, mai kifin kilo 220. Masu Sensation ba su yi algus ba, amma suka koma gida hannu banza.

Wannan tsanani yana da dalili. A garin Ocean City na jihar Maryland ana gasar White Marlin Open duk watan Agusta tun 1974, kuma a 2023 kifi ɗaya mai kilo 290 ya ciyo dala miliyan 6 da dubu 200. Inda kuɗi suka kai haka, dole zuciya ta yi saƙe-saƙe. Shi ya sa wanda ya ci babbar lada sai an zaunar da shi gaban na'urar gano ƙarya. A 2016 wanda ya zo na ɗaya bai tsallake na'urar ba, aka riƙe masa dala miliyan 2 da dubu 800. Magana ta je kotu, a 2017 alƙali ya yanke cewa jirginsa ya jefa fatsa kafin lokacin da aka tsayar, aka raba kuɗin ga sauran.

Mu da muke wuni da tiya da sikeli mun fahimci wannan sarai. Mutanen nan suna zuba miliyoyi ne a kan abin da ke faruwa tsakiyar teku, inda babu mai ganinsu. Ranar da aka ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, baɗi ba wanda zai sake zubi, kuma otel da gidan abinci na garin su ne za su fara ji a jikinsu. Haka take a rumfarmu: mai saye ba ya iya binciken kowace tiya, amana ce ke maido shi gobe. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.