Tashar Anbariyya: Ginin da ya ɗauki alhazai, ya ɗauki sojoji, yau ya zama gidan tarihi

Duk wanda ya ɗan zauna a Madina ya san unguwar Anbariyya. Akwai wani dogon gini na baƙin dutse a wurin, kusa da wani ƙaramin masallaci mai hasumiya biyu. Ɗalibanmu da masu Umara kan wuce shi a mota kusan kullum, amma kaɗan ne suka taɓa leƙa cikinsa. Wannan ita ce tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Hijaz, wadda yanzu ta koma gidan adana kayan tarihi.

Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Sultan Abdulhamid na Biyu, shi ya ba da umarnin shimfiɗa layin dogo daga Dimashƙa ta ƙasar Sham a 1900. Musulmi daga ƙasashe da dama sun ba da gudummawar kuɗi, sojojin daular kuma su suka yi mafi yawan aikin ƙarfi a cikin hamada. A 1908 jirgi ya iso Madina, bayan an shimfiɗa dogo mai tsawon kimanin kilomita 1,300. Tafiyar da ayarin raƙuma ke yi a kwana 40 ta koma ƙasa da mako guda.

Sai dai ba don alhazai kaɗai aka yi aikin ba. Sultan yana son hanyar da zai riƙa tura dakaru da makamai Hijaz cikin sauri. Wannan manufa ta biyu ita ta fito fili a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A watan Yunin 1916 Sharif Husaini na Makka ya yi wa Turkawa tawaye da goyon bayan Ingila. Aka yi wa Madina ƙawanya, tashar Anbariyya ta zama ita ce ƙofar da abinci da harsashi ke shigowa ga rundunar Fakhri Basha, kwamandan Turkawa a birnin. Mayaƙan Larabawa, tare da Baturen nan Lawrence, suka yi ta fasa dogon da nakiya.

Da abinci ya yi ƙaranci, Fakhri Basha ya sa aka riƙa loda mutanen gari a jirgi ana kai su Sham, da yawa ba da son ransu ba. Mutanen Madina har yau suna kiran wannan lokaci Safar Barlik. Iyalai sun rabu, birnin ya kusa zama kango. Ta wannan tasha ce kuma aka aika da kayayyaki masu daraja na Masallacin Annabi (SAW) zuwa Istanbul a 1917. Sojojin da suka rage kuwa yunwa ta kai su ga cin fara, abin da mu muke sayen sa da yaji a kasuwa don marmari.

An tsagaita wuta tsakanin Turkiyya da abokan gabarta a ƙarshen Oktoban 1918, amma Fakhri Basha ya ƙi miƙa garin sai a Janairun 1919. Daga nan layin bai sake farfaɗowa yadda yake ba, kuma bai taɓa kaiwa Makka ba kamar yadda aka tsara tun farko. Tashar ta yi shekaru a yashe kafin hukumomin Saudiyya su gyara ta, aka buɗe gidan tarihin jirgin a 2006. Mai ziyara zai ga tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da tururi, da taragai, da rumfar gyaran injuna, da hotunan tsohuwar Madina.

Wannan tarihi bai bar mu a baya ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, dubban mutanenmu sun nausa gabas da ƙafa. Wasu sun tsaya a Sudan, wasu sun ƙetara teku. Cikinsu har da Alfa Hashim, wanda ya zama babban malami a Madina, ya kuma rasu a can a 1931. Ke nan lokacin da jirgin farko ya yi kuka a Anbariyya, tuni akwai namu a ƙasar Hijaz.

Yau jirgin Haramaini, wanda aka ƙaddamar a 2018, yana haɗa Makka da Madina cikin sa'o'i kaɗan, ɗalibi kuma yana fita daga ɗakinsa ya sayi gurasa ba fargaba. Wanda bai san daren jiya ba, ba zai san darajar wannan safiya ba. In ka samu hutun karatu, ko ka rako baƙi daga gida, ka ware awa ɗaya domin Anbariyya. Daga Harami ana iya zuwa da ƙafa. Ka dai tambayi lokacin buɗewa kafin ka fita.