DAGA FADAMAR KURA ZUWA TUDUN HABASHA: ABIN DA MATAFIYA KE TARARWA A ADIS ABABA

A kowace shekara, da zarar an kammala girbin shinkafa a Kura da Bunkure da Kadawa, an sayar da amfani, kuɗi sun shigo hannu, sai a ga waɗansu manoma da 'yan kasuwa sun fara shirin tafiya. Waɗansu Umra za su, waɗansu kuwa Dubai ko ƙasar Sin, domin sayo injunan casar shinkafa da kayan gyaransu. Da yawa daga cikinsu ba sa tafiya kai tsaye. Jirginsu yakan tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ya miƙa gabas har kimanin kilomita 3,300, ya sauka a Adis Ababa, babban birnin ƙasar Habasha, inda za su jira wani jirgin. Wani jiran na awa biyu ne ko uku, wani kuwa har sai an kwana.

Kamfanin jiragen saman Habasha ya fara zuwa Nijeriya tun shekarar 1960, ya kuma buɗe hanyar Kano a 2014. Bisa al'adarsa, fasinjan da jiransa ya yi tsawo akan kai shi masauki a cikin gari. Ta haka ne manomin da watakila bai taɓa wuce Kaduna ba yakan wayi gari a babban birnin da ya fi kowane babban birni na Afirka tudu, ba tare da wani ya gaya masa abin da wannan tudu zai yi wa jikinsa ba.

TUDUN DA BA A GANI

Ƙasar Kura da Bunkure shimfiɗaɗɗiya ce, tsayinta daga bakin teku bai kai mita 500 ba. Wannan shimfiɗa ce ta sa ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, yake gangarowa da kansa ta cikin kwatoci har gonaki ba tare da an ja shi da inji ba. Adis Ababa kuwa tana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,355, watau wajen ƙafa 7,700. Ta kusa ninka tsayin Jos sau biyu. Dutsen Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda ba wani dutse a Nijeriya da ya kai shi, da mita sittin da 'yan kai kawai ya fi ta. Ke nan mazauna birnin, waɗanda ake ƙiyasta sun haura miliyan biyar, suna kwana suna tashi a inda ɗan Nijeriya sai ya hau ƙololuwar dutsen ƙasarsa kafin ya kai.

Abin mamaki shi ne baƙo ba ya ganin tudun da idonsa, domin tituna ne da gidaje da motoci kamar kowane birni. A ƙirjinsa yake jin sa. Masana sun bayyana cewa iyakar hawan mutum sama, iyakar raguwar nauyin iska. Iskar oksijin da mutum yake samu a numfashi guda a Adis Ababa ta gaza wadda yake samu a Kano da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Saboda haka zuciya takan ƙara bugawa, numfashi kuma ya ƙara sauri, domin a cike giɓin.

Labarin matafiyan da suka dawo kusan iri ɗaya ne. Ƙaton da yakan saɓa buhun shanshera daga gona zuwa bakin titi bai ajiye ba, sai ga shi yana haki don ya hau bene hawa biyu da 'yar jakarsa. Wani ciwon kai ne zai dame shi, wani jiri, wani abinci ya fita ransa, wani kuma ya kwana yana farkawa kamar an danne masa ƙirji. Akwai ma masu zaton ko jifansu aka yi, ko kuma sun gamu da iskokin ƙasar. Alhali kuwa ga mai ƙoshin lafiya waɗannan alamu sukan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, in jiki ya fara sabawa. Wanda ya yi makwanni a can, jininsa yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙasar ta yi fice wajen 'yan tseren dogon zango, irin su Abebe Bikila, wanda ya ci tseren yada-ƙanin-wani a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960, ba ko takalmi a ƙafarsa.

WAƊANDA YA KAMATA SU YI HATTARA

Amma fa ba kowa ne abin yakan zo wa da sauƙi ba, kuma a nan ne maganar ta shafi jama'ar wannan yanki ƙwarai. Akasarin masu zuwa Umra dattawa ne, maza da mata, waɗanda suka daɗe suna tanadi, ko kuma 'ya'yansu suka biya musu. Likitoci suna gargaɗin cewa mai ciwon zuciya, da mai ciwon huhu ko asma mai tsanani, da mai ƙarancin jini, da mace mai ciki, ya kamata su nemi shawara kafin su sauka a wuri mai tudu irin wannan. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai ciwon amosanin jini, watau sikila, wanda yake da yawa a ƙasar Hausa, domin ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa duk suna iya tayar da ciwon, ga su kuma duk sun haɗu a wuri guda.

Rigakafi dai ya fi magani. Mai irin waɗannan larurori ya ga likita tun kafin ya yanki tikiti, in da hali kuma ya zaɓi jirgin da jiransa gajere ne. Magungunan da yake sha kullum ya riƙe su a jakar hannu, kada ya zuba su cikin babban akwati, domin shi akwati yakan wuce ne kai tsaye, ba a haɗuwa da shi sai a Jidda. A yawaita shan ruwa, a yi tafiya a hankali, a guji ɗaukar kaya masu nauyi. In numfashi ya ƙi daidaita ko da mutum yana zaune, ko ƙirji ya riƙe, ko hankali ya fara gushewa, to, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a sanar da ma'aikatan masauki ko na filin jirgi nan take.

SANYI DA RUWAN ZAFI

Abu na biyu da ke ba baƙo mamaki shi ne sanyi. Adis Ababa ta fi Kano kusa da tsakiyar duniya, saboda haka mutum zai zaci ta fi ta zafi. Amma tudu ya sauya lissafi. Da rana zafi ba kasafai yake wuce digiri 25 ba, da dare kuwa, musamman daga Nuwamba zuwa Janairu, yakan sauka ƙasa da digiri 10. Wanda ya baro Kura cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, sanye da 'yar shara da silifa, lalle zai kwana yana makyarkyata. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa damina ce mai ƙarfi, ga hazo, wani lokaci har da ƙanƙara. Rigar sanyi da safa da bargo ƙarami ba su da nauyin da za a bar su a gida.

Sai dai sanyin yana da ranarsa. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ya addabi garuruwan da ke bakin kwatocin noman rani, ba shi da ƙarfi a tsakiyar birnin. Haka nan alkama, wadda manomin Kadawa ba ya iya shukawa sai cikin hunturu da ruwan Tiga, a tuddan Habasha da ruwan sama ake noma ta, tare da sha'ir da wata tsaba mai ƙanana kamar acca da ake kira tef.

Matan Kura da suka gwanance da turara shinkafa za su so jin wannan: a Adis Ababa ruwa yakan tafasa ne tun yana wajen digiri 92, bai kai zafin da yake kaiwa a Kano ba. Don haka shinkafa da wake sukan daɗe a kan wuta kafin su nuna, shayi kuma ya yi saurin hucewa.

YADDA BIRNIN YA KAFU

Tudun nan shi ne ya haifi birnin, shi ne kuma ya kusa kashe shi. Sarki Menelik na Biyu ya fara kafa sansaninsa ne a kan dutsen Entoto, wanda ya kai wajen mita 3,200, domin tsaro. Sanyi da ƙarancin itace suka dami jama'a. A shekarar 1886 matarsa, Sarauniya Taitu, ta gangaro ta gina gida kusa da wata maɓuɓɓugar ruwan zafi da ake kira Filwoha, ta raɗa wa wurin suna Adis Ababa, watau sabon fure. Al'ummar Oromo kuwa suna kiran wurin Finfine. Ba a daɗe ba itacen girki da na jin ɗumi ya ƙare a kewayen, har aka yi niyyar ƙaura. Abin da ya ceci birnin shi ne bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostareliya take, mai saurin girma, aka dasa ta ko'ina. Har yanzu ita ce ta lulluɓe Entoto. Baƙon da ya yi sha'awar hawa dutsen don ganin birnin daga sama, gara ya bari sai ya kwana biyu.

Ɗan Nijeriya ba baƙo ba ne a tarihin wannan birni. A nan ne shugabannin ƙasashe masu mulkin kansu suka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ran 25 ga watan Mayu, 1963, kuma Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikinsu. A nan ne kuma Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ya yi shahararren jawabinsa kan rikicin Angola cikin Janairun 1976, wata guda kafin a kashe shi. Ƙungiyar ta rikiɗe ta zama Tarayyar Afirka a 2002, hedkwatarta kuwa tana nan ba ta tashi ba. Ga Musulmi, ƙasar Habasha tana da wata daraja ta daban, domin can ne Sahabbai suka yi hijira ta farko a wajejen shekarar 615, Sarki Najjashi ya ba su mafaka. Kimanin sulusin mutanen ƙasar Musulmi ne, kuma babban masallacin Anwar yana tsakiyar Markato, kasuwar da ke cikin mafi girma a Afirka.

AGOGO DA KALANDA

Akwai abin da ya fi sanyi rikita matafiyi, shi ne lokaci. Agogon Habasha yana gaba da na Nijeriya da awa biyu, daidai yake da na Makka. Bayan wannan, mutanen ƙasar suna fara ƙidayar awoyi ne daga fitowar rana. Abin da baƙo ya sani da ƙarfe bakwai na safe, su ƙarfe ɗaya suke kiransa, sha biyun rana kuwa ƙarfe shida. Lokacin da ke rubuce a kan tikiti irin na duniya ne, amma direban tasi ko ma'aikacin masauki yana iya faɗin na gida. Wanda bai tantance ba zai iya makara da awa shida, jirgi ya tafi ya bar shi. Matambayi ba ya ɓata: a tambaya, a kuma nemi a rubuta.

Kalandarsu ma daban take. Watanni goma sha biyu ne masu kwana talatin-talatin, sai na goma sha uku mai kwana biyar ko shida. Shekararsu tana kamawa ran 11 ko 12 ga Satumba, tana kuma baya da ta Miladiyya da shekara bakwai ko takwas. Wanda ya ga tsohuwar shekara a kan rasit kada ya zaci an cuce shi.

ABINCI DA AMANA

Abincin ƙasar shi ne injera, wani faffaɗan abu mai tsami da ake yi da garin tef, mai ƙananan ramuka kamar sinasir, ana yagarsa da hannu a dangwali miya. Gahawa kuwa, wadda suke kira buna, a gaban baƙo ake soya ta, a daka, a dafa, ana turaren wuta, a sha har zagaye uku. Mahautan Musulmi daban suke da na Kirista, kuma akan gane su da alamar jinjirin wata ko ta gicciye a bakin shago. Mai shakka yana iya neman abincin azumin Kiristocin ƙasar, wanda ba nama ba mai na dabba a cikinsa. A kula da wani abin sha mai ruwan ɗorawa da ake kira tej, kamanninsa na lemo ne, amma giyar zuma ce.

Gargaɗi na ƙarshe ya fi duk sauran nauyi. Ganyen cat da ake taunawa a fili a Habasha haramtacce ne a dokar Saudiyya da ta Nijeriya, kuma shiga da shi babban laifi ne. Haka nan an sha ba da labarin 'yan Nijeriya da ke ɗaure a kurkukun Kaliti, a kudancin birnin, da yawansu bisa laifin safarar miyagun ƙwayoyi. Halin Bahaushe ne ya taimaki abokin tafiya da riƙon kaya, amma a filin jirgin sama duk jakar da aka samu a hannun mutum tasa ce a idon hukuma. Kada a karɓi saƙon wanda ba a sani ba, kome tsufansa, kome daɗin bakinsa.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma waɗanda suka sauka a Adis Ababa da shiri sukan dawo da labarin mutane masu kunya da karamci, waɗanda gaisuwarsu ma, selam, ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Ya rage ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye da malamai masu bita da 'ya'yan da ke biya wa iyayensu su riƙa faɗa wa matafiyi gaskiya tun yana gida: cewa zai kwana a kan tudu, ya ɗauki rigar sanyi da maganinsa, ya kuma taka a hankali. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.