Jinin da ke biyo bayan ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa

A shagunan kemis na Barade da sauran unguwannin Jalingo, ƙwayar gaggawa da aka fi sani ita ce Postinor-2, ta kamfanin Gedeon Richter na ƙasar Hangari. Sinadarinta, levonorgestrel, miligiram 1.5 ne jimilla, ana shan sa cikin awa 72 bayan saduwa, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Aikinsa jinkirta fitar ƙwan haihuwa ne. Da yake dangin sinadarin da jikin mace ke tafiyar da haila da shi ne, in ya shiga da yawa lokaci guda sannan ya janye, shimfiɗar cikin mahaifa takan ɗan saki. Shi ne ɗigon nan, ja ko ruwan ƙasa, da mace kan gani a ɗan kamfai kwana biyu ko uku ya ɗauke. Wata kuma al'adarta ce ke zuwa da wuri ko ta makara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar wannan jini a matsayin shaida. Wasu na cewa ciki ne ya zube, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga. Wasu kuma hankalinsu kan kwanta, wai tunda jini ya fito magani ya ci. Wannan ya fi na farkon haɗari, domin mace na iya ganin ɗigo kuma tana da ciki, musamman in ƙwan ya riga ya fita kafin ta sha. Abin lura shi ne al'ada ta gaba: in ta wuce lokacinta da mako guda, a yi gwajin fitsari.

Mai cewa ƙwayar na lalata mahaifa ba shi da hujja, don ba ta hana haihuwa daga baya. Inda yake da gaskiya shi ne yawan shanta na rikita lissafin wata, har na sallah da azumi, kuma allura ko ashanar hannu ta tazarar haihuwa ta fi ta kariya nesa ba kusa ba. Amma jinin da ke jiƙa audugar mata cikin awa guda, ko wanda ya zo da jiri da matsanancin ciwon mara ta gefe ɗaya, ba na komawa kemis ba ne. Yana iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa, sai a garzaya Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jalingo a yi hoton ciki.