Ƙananan dabbobin tagulla da suka auna zinaren Ashanti

A tafin hannu ake ɗora su: kada, kifi, kunama, ko tsuntsu mai waiwaye. Yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka na rububinsu, amma a Kumasi ta da ba kayan ado ba ne. Da su ake auna garin zinare, kuɗin Ashanti har ƙarshen ƙarni na 19.

Maƙeri kan siffanta dabbar da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya narkar da kakin, ya zuba tagulla a gurbinsa. Sai an fasa yumɓun ake fito da ita, shi ya sa babu biyu iri ɗaya. Wasu ma karin magana ne, kamar kadoji biyu masu ciki ɗaya da ke faɗa kan abinci.

Ciwon kan mai saye shi ne jabu, domin ana ƙera sababbi a dusashe su kamar tsofaffi. Masana kan duba inda hannu ya cinye, da ɗan dalmar da aka liƙa don nauyi ya daidaita. Wanda kuwa ya goge tsohuwa har ta yi ƙyalli, ya karya farashinta da kansa.